Yadda Ake Gano Inda Ruwan Lagireto Ke Tafiya da Dalilin Zafin Injin Mota

Ruwan da ke sanyaya injin mota a rufe yake zagayawa, daga inji zuwa lagireto, daga lagireto ya koma inji, don haka ba ya ƙarewa kamar yadda fetur ke ƙarewa. Motar da take da lafiya tana iya yin watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba. Idan ka ga kana ƙara ruwa duk mako, ko allurar agogon zafi ta fara wuce inda ta saba tsayawa, to ruwan nan ya samu ƙofar da yake bi, kuma ƙofofin uku ne kawai: ko dai yana zuba waje, ko yana shiga cikin injin ya ƙone ko ya gauraya da mai, ko kuma yana tafasa ya fice ta murfi. Aikinka shi ne ka gano wacce ce daga cikinsu kafin ka sayi ko da kilif ɗaya. Na sha ganin an kwance kan inji an canza gasket, wato faifan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, an ɓata kuɗi da kwanaki, alhali murfin lagireto ne kawai ya mutu. Shi ya sa nake bin binciken nan a jere, daga abin da ya fi sauƙi da araha zuwa wanda ya fi wuya, kuma ina ba ka shawara kada ka tsallake mataki don zato.

Kayan da za ka tanada

- Tocila mai haske sosai, da ɗan ƙaramin madubi na leƙa bayan inji.
- Safar hannu mai kauri, tabarau na kariya, da tsumma babba.
- Sukundireba, filaya, da sifanu ƙanana, musamman mai lamba 8, 10 da 12.
- Mazurari, da roba mai faɗi ta tarar ruwa.
- Kwali mai faɗi wanda za a shimfiɗa a ƙarƙashin mota.
- Ruwan kulant, wato ruwan sanyaya inji mai sinadari, irin wanda littafin motar ya ambata, da tataccen ruwa irin na batir wanda babu asid a cikinsa.
- Famfon gwajin matsi, wanda ake ɗaurawa a bakin lagireto. Idan ba ka da shi, zan nuna maka abin da zai tsaya a madadinsa.
- Idan da hali: ma'aunin zafi na hannu wanda ake haskawa daga nesa, na'urar karanta kwamfutar mota ta OBD, da kwalbar gwajin hayaƙi mai shuɗin ruwa.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka fara

Yawancin injuna suna aiki ne a zafin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Selshiyas, kuma ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Abin da ke hana shi tafasa a cikin mota abu biyu ne. Na farko kulant, wanda idan aka gauraya shi rabi da rabi da ruwa yake ɗaga matakin tafasa zuwa wajen digiri 107. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne matsin da murfin lagireto ke riƙewa. Murfin da aka rubuta wa 0.9 ko 1.1 yana nufin yana riƙe matsi na 0.9 ko 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira bar, kuma da wannan matsin ruwan ba zai tafasa ba sai ya haura digiri 120. Da zarar matsin ya zube, ko ta murfi ko ta wata ƴar huda, ruwan yana iya tafasa a zafin da injin ya saba aiki da shi ko sama da shi kaɗan. Wannan ne ya sa yoyo ke haifar da zafi, zafi kuma ya ƙara haifar da yoyo, har mutum ya rasa wanne ya riga wani.

Mataki na 1: Idan allura ta hau kana kan hanya

Ka kashe esi nan take, ka kunna hita har ƙarshe da fankarta, domin hita ƙaramin lagireto ce da ke janye zafi daga inji. Ka nemi wurin da za ka tsaya lafiya. Idan babu tururi kuma allurar ba ta shiga ja ba, ka bar injin a silo minti ɗaya ko biyu ka ga ko za ta sauko. Idan ta shiga ja, ko ka ga tururi, ko ƙarfin motar ya ragu tana ƙara kamar ana kaɗa ƙarafa, ka kashe injin ba tare da jinkiri ba. Kan injunan zamani na alminiyom ne, kuma ƴan mintuna a cikin ja sun isa su lanƙwasa shi.

Ka lura da abin da hita ke hurowa, domin shaida ce. Idan injin yana zafi amma hita na huro iska mai sanyi, ruwa ya yi ƙasa sosai ko kuma famfon ruwa ba ya tura shi. Haka kuma idan allurar ta hau sannan ta faɗo ƙasa ba zato, kada ka yi murna, domin sau da yawa ruwan ne ya ƙare har na'urar auna zafi ta daina taɓa shi.

Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwan da ke ciki ya haura digiri 100, kuma da ka saki matsin zai tafasa gaba ɗaya ya feso maka a fuska da hannu. Ka jira aƙalla rabin awa, awa ɗaya ta fi, sannan ka matsa tiyon sama na lagireto da tsumma. Idan yana da tauri, akwai sauran matsi. Idan ya yi laushi, ka rufe murfin da tsumma mai kauri, ka murɗa shi kaɗan ya huce, sannan ka cire. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi ko ka ɗura masa shi a ciki, domin ƙarfen da ya yi zafi yana tsagewa idan ya yi sanyi lokaci guda.

Mataki na 2: Auna ruwan da sanyi

Duk binciken da ya rage da safe ake fara shi, kafin a tayar da mota, a wuri mai daidaito. Ka duba tankin roba na gefe, ruwan ya kasance tsakanin layin ƙasa da na sama. Idan motar tana da murfi a kan lagireto kansa, ka buɗe shi ma, ruwan ya kamata ya cika har wuya. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su dogara da tankin roba kaɗai, alhali yana iya kasancewa cike lagireto kuma rabi.

Ka dubi kalar ruwan. Idan ya koma ruwan ƙasa mai tsatsa, an daɗe ana zuba ruwa zalla, kuma ka sa ran samun toshewa a lagireto da cinyewar ƙarfe a famfon ruwa. Idan ka ga maiƙo yana yawo a sama, ka riƙe wannan a ranka har mataki na 7. Ka cika ruwan, ka manna ɗan tef a daidai inda ya tsaya, domin daga yau da alama za ka riƙa magana, ba da tunani ba.

Mataki na 3: Duba murfin

Ka juya murfin ka dubi robobinsa. Idan sun tsage, sun kumbura, ko sun bushe, ya gama aiki. Ka danna sifirin da yatsa, ya kamata ya yi tauri. A tsakiyarsa akwai ɗan ƙaramin bawul wanda aikinsa shi ne ya bar ruwa ya dawo daga tankin roba idan injin ya huce. Idan wannan ya maƙale, ruwa zai riƙa fita zuwa tankin ba ya dawowa, kuma za ka tarar da tiyon sama ya lotse da safe kamar an tsotse shi. Ka duba ɗan siririn tiyon da ya haɗa wuyan lagireto da tankin, domin idan ya huje iska zai riƙa zuƙowa maimakon ruwa.

Idan kana da shakka ko kaɗan, ka canza murfin da mai lamba iri ɗaya. Kada ka sa wanda ya fi lamba da nufin ƙara ƙarfi, domin zai fasa tsohon tiyo ko ya buɗe bakin lagireto. A motocin da babu murfi a kan lagireto, murfin tankin roba shi ne mai riƙe matsin, kuma hukuncinsu ɗaya.

Mataki na 4: Neman yoyon waje

Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar bayan ka dawo daga tafiya, ka bar shi ya kwana. Inda ɗigon ya sauka zai nuna maka yankin da za ka fara leƙawa, ko da yake ruwa yana bin jikin ƙarfe ya yi nisa kafin ya ɗiga, don haka kullum ka bi sawunsa zuwa sama har inda ya faro. Kada ka ruɗe da ruwan esi, wanda fari ne tas, ba shi da wari ba shi da santsi, kuma yana ɗiga ne ta wajen ƙafar fasinja. Kulant yana da kala, yana da ɗan santsi a yatsa, da wari mai zaƙi-zaƙi.

Ƙaramin yoyo ba ya kaiwa ƙasa, a jikin inji yake bushewa, amma yana barin ɓawon fari ko mai ɗan kalar kulant ɗin. Wannan ɓawon shi za ka nema da tocila a waɗannan wurare. Ka fara da bakin kowane tiyo, inda kilif ya kama, ka matsa tiyon kusa da bakin: wanda ya yi laushi kamar soso, ko ya kumbura, ko ya yi tauri yana ƙara idan an matsa, lokacin canjinsa ya yi. Sai gefen lagireto, inda aka naɗe alminiyom a kan tankin roba na sama da na ƙasa, domin nan ne ya fi yawan buɗewa, kuma robar kanta tana yin siririyar tsaga kusa da wuya idan ta tsufa ta sauya kala. Sai gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, musamman idan na roba ne. Sai famfon ruwa, wanda yake da ƴar huda a ƙarƙashinsa da aka yi musamman don ta nuna lalacewar robar ciki. Ɗan busasshen tabo ba komai ba ne, amma ɗigo ko jiƙa na nufin famfon ya tafi. Sai ƙananan tiyoyin da ke bayan inji masu zuwa hita, waɗanda madubi ne kawai ke nuna su. A ƙarshe ka duba fayafayan ƙarfe masu kama da murfin kwalba da aka toshe gefen bulok, wato gangar jikin inji, da su, domin tsatsa na huda su daga ciki.

Ka shiga cikin motar ka taɓa kafet ɗin gaba. Idan ya jiƙe yana santsi, ko gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo idan an kunna hita, ƙaramin lagireton hita ne ke yoyo a bayan dashbod. Idan babu halin gyara shi nan kusa, ana iya cire tiyoyinsa biyu daga wajen inji a haɗa su da juna da ɗan bututu, motar ta ci gaba da aiki ba hita.

Gargaɗi: fankar lantarki tana iya tashi da kanta ko da an zare makulli. Kada ka sa hannu kusa da ita sai ka cire soket ɗinta.

Mataki na 5: Gwajin matsi

Akwai yoyon da ba ya bayyana sai akwai matsi. Injin yana sanyi, ruwa a cike, ka ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto ka buga har allurarsa ta kai lambar da ke kan murfi, kada ka wuce. Ka jira minti 10 zuwa 15. Idan allurar ta tsaya cak, babu yoyo a wannan yanayin. Idan tana sauka, ka sake zagaya wuraren mataki na 4 da tocila, ka kuma kasa kunne, domin wani lokaci za ka ji sautin fitar iska kafin ka ga ruwa. Idan tana sauka amma ko'ina a bushe yake, har da kafet, to ruwan ciki yake shiga. Da irin wannan famfon ake gwada murfin ma, a ga ko yana saki a lambarsa.

Idan ba ka da famfon, ka bar injin ya yi maka aikin. Ka tayar da shi har ya kai zafinsa fanka ta tashi, sannan ka kashe ka fara dubawa nan take, domin a ƴan mintunan da ke biyo bayan kashewa ne zafi da matsi suka fi hawa, saboda ruwan ya daina zagayawa. Wata dabarar ita ce a zuba ruwan kala na musamman da ke ƙyalli a ƙarƙashin fitilar UV, a yi tafiyar kwana biyu, sannan a haska da dare.

Mataki na 6: Lura da lokacin da zafin ke hawa

Idan ruwa a cike yake kuma babu yoyo, amma allura na hawa, lokacin da take hawa shi ne zai kai ka ga mai laifi.

Idan a tsaye ko a cunkoso take hawa, ta sauko da ka kama hanya, iska ce ba ta ratsa lagireto, wato fanka. Ka kunna esi, a yawancin motoci fanka za ta tashi cikin ƴan daƙiƙoƙi. Idan ba ta tashi ba, ka duba fis, sannan ka musanya rilenta da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin, kamar na hon. Idan har yanzu shiru, ka cire soket ka ba ta wuta kai tsaye daga batir. Idan ta juya, laifin yana ga waya ko na'urar auna zafi, idan ba ta juya ba ɗan injin lantarkin da ke juya ta ya ƙone. Kada ka yi wannan gwajin ga fankar da ke da akwatin lantarki manne a jikinta. Ka kuma tabbatar tana zuƙo iska ne zuwa ɓangaren inji: takardar da ka riƙe a gaban lagireto ya kamata ta manne, domin na taɓa samun fankar da aka juya wa waya tana tura iska gaba. A motocin da fambel ke juya fanka, ka kashe injin yana da zafi ka juya ta da hannu. Idan ta yi ta juyawa ba turjiya, ko ka ga maiƙo a cibiyarta, kulocinta ya mutu.

Idan a kan gudu ko hawan tudu take hawa, ta sauko a silo, lagireto ne ba ya iya sauke zafin. Ka leƙa tsakaninsa da kwandensar esi, inda ƙura da ciyayi ke taruwa su toshe iska, ka wanke da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba don kada haƙarƙarinsa su lanƙwashe. Don gano toshewar ciki, ka kashe injin bayan ya yi zafi, ka cire soket ɗin fanka, ka bi fuskar lagireton da ma'aunin zafi ko da bayan hannu a hankali. Zafin ya kamata ya riƙa raguwa sannu a hankali daga mashiga zuwa mafita, kuma duk wurin da ya yi sanyi a tsakiyar zafi bututun da ke nan sun toshe. Ka sa wani ya taka totur kana kallon tiyon ƙasa, idan yana lotsewa yana shaƙe famfo ne.

Idan kuwa cikin ƴan mintuna da tayarwa take hawa, ko a tsaye ko a tafe, ka zargi tamostat. Ka tayar da injin daga sanyi kana taɓa tiyon da ke fitowa daga gidansa, wanda a wasu motocin na sama ne, a wasu kuma na ƙasa. Ya kamata ya zauna da sanyi na wasu mintuna, sannan ya ɗau zafi lokaci guda idan tamostat ya buɗe. Idan allura ta wuce rabi tiyon bai ɗau zafi ba, ya maƙale a rufe. Don tabbatarwa ka ciro shi, ka rataye shi da waya a cikin tukunyar ruwa a kan wuta ba tare da ya taɓa gindinta ba. A jikinsa an buga lamba, kamar 82 ko 88, a nan zai fara buɗewa, kuma kafin ruwan ya tafasa ya kamata ya buɗe kusan milimita 8 zuwa 10. Wajen ɗaura sabo, ɓangaren sifirin yana fuskantar inji, ƴar hudar iska kuma tana sama.

A nan dole in ja kunne a kan abin da na fi ƙi a wannan sana'a, wato a cire tamostat a yar, a kuma haɗa fanka kai tsaye da makulli. Wannan ɓoye ciwo ne. Injin da ba ya kaiwa zafinsa yana shan mai fiye da ƙima saboda kwamfuta na ɗaukarsa a matsayin mai sanyi, kuma yana saurin cinyewa. Bayan haka, a injuna da yawa tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba, don haka cire shi yana iya ƙara zafin da ake gudu.

Famfon ruwa kuma yana iya lalacewa ba tare da yoyo ba, idan tsatsa ta cinye fukafukansa, ko na roba suka kwance daga sandarsu. Alamarsa ita ce hita mai sanyi a silo, da ruwan da ba ya gudu a wuyan lagireto bayan tamostat ya buɗe. Ka girgiza fulinsa injin yana kashe, idan yana wasa boris ya tafi. Idan bel ɗin taimin ne ke juya shi, a canza su tare.

Kafin ka bar wannan mataki, ka tabbatar agogon ba ƙarya yake yi ba, ta hanyar gwada shi da abin da na'urar OBD ko ma'aunin hannu ya nuna. Lamba P0217 tana nufin injin ya yi zafi fiye da ƙima, P0128 kuma tana nufin ba ya kaiwa zafinsa, wanda galibi tamostat ne ya maƙale a buɗe. Ƙarancin baƙin mai, birki mai kamawa da toshewar salansa su ma suna ƙara wa inji zafi.

Mataki na 7: Gwajin gasket da yoyon ciki

Gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da bulok yana raba abu uku: wutar silinda, ruwa, da baƙin mai. Alamar da za ka gani ta danganta da inda ya ɓalle, don haka tsabtar baƙin mai ba ta wanke shi daga zargi. Kada kuma ka yanke masa hukunci da alama ɗaya, ka nemi biyu ko uku da suka yi daidai da juna.

Ka zaro sandar auna baƙin mai. Idan man ya koma fari-fari mai kauri, ko ya ƙaru ya wuce layi, ruwa ya shiga, kuma kada ka sake tayar da injin, domin irin wannan man ba ya kare ƙarafan ciki. Amma ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai yana iya zama raɓa ce ta gajerun tafiye-tafiye. Haka farin hayaƙin safe da ke ɓacewa bayan ƴan mintuna, shi ma raɓa ce. Wanda ake tsoro shi ne mai kauri, mai warin zaƙi, wanda ba ya yankewa ko injin ya yi zafi.

Gwajin kumfa ba ya buƙatar kaya. Injin yana sanyi, ka cire murfi, ka cika ruwa har wuya, ka tayar. Ƴan kumfa na farko iska ce da ta maƙale. Kumfar da ke ta fitowa a jere ba yankewa, tana ƙaruwa idan an taka totur, hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Wata hanyar ita ce ka mayar da murfin, ka tayar daga sanyi, ka matsa tiyon sama bayan minti ɗaya ko biyu: idan ya riga ya yi tauri alhali ruwan bai ɗau zafi ba, ba zafi ne ya kawo matsin ba. Kana iya ɗaura safar hannu ta roba a bakin lagireto, ka toshe ɗan tiyon gefe, ka tayar. Idan ta kumbura nan da nan, amsar ɗaya ce.

Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne na kwalba mai shuɗin ruwa. Ana rage ruwan lagireto kaɗan don kada ya taɓa kwalbar, a ɗora ta a baki injin yana aiki da zafinsa, a zuƙo iskar da ke saman ruwan ta ratsa shuɗin. Idan akwai hayaƙi zai koma rawaya a injin fetur, ko kore-kore a na dizal. Idan kulant ya fantsama ciki gwajin ya ɓaci, sai a sake.

Ka ciro fulogogi ka jera su. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi, alhali sauran suna da tabon aiki, silindarsa ce ke shan ruwa, kuma sau da yawa irin wannan motar tana rawa na ƴan daƙiƙoƙi idan an tayar da ita da safe. Idan kana da famfon matsi, ka bar matsin ya kwana fulogogi a cire, ka haska cikin ramukan da safe. Idan ka ga ruwa kwance a kan fistin, kada ka buga sitata da fulogi a ɗaure, domin ruwa ba ya matsuwa, zai lanƙwasa sandar fistin. Gwajin kwamfireshan, wato auna matsin silinda, da ya nuna silinda biyu maƙwabta sun yi ƙasa tare shi ma yana nuna gasket.

Ba kowane yoyon ciki ne gasket ba. Akwatin sanyaya baƙin mai yana iya hujewa ya tura mai cikin ruwa. A mota mai giya otomatik, bututun sanyaya man giya yana cikin tankin lagireto, kuma idan ya fashe man giya zai koma kalar hoda mai kauri. A injin dizal, na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, wato EGR, tana shanye ruwa ta fitar da shi ta salansa. Ka kawar da waɗannan kafin a taɓa kan inji.

Idan ta tabbata gasket ne, a auna shimfiɗar kan injin da miƙaƙƙen ƙarfe da ma'aunin tazara, domin a injuna da yawa lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 ta isa ta sake cinye sabon gasket, a kuma gwada shi ko ya tsage. A ɗaure kusoshinsa da sifana mai auna ƙarfi bisa jerin da littafin ya nuna. Sannan a koma a nemo abin da ya fara kawo zafin, domin galibi gasket sakamako ne na fankar da ta mutu ko yoyon da aka yi sakaci da shi. Garin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto ba na amfani da shi sai don a isa gida, saboda yana toshe hita da ƙananan bututu tare da hudar.

Mataki na 8: Cika ruwa da fitar da iska

Gyara mai kyau yana ɓaci a nan idan aka bar iska a ciki, domin iska tana taruwa a kan inji ta hana ruwa taɓa wurin da ya fi zafi. Ka yi amfani da kulant ɗin da littafin ya ambata, kada ka zaɓa da kala, domin kala ɗaya tana iya ɗaukar sinadarai daban, kuma wasu idan aka gauraya su suna daskarewa. Wanda aka riga aka gauraya ba a ƙara masa ruwa, mai kauri kuma ana raba shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Ruwa zalla na gaggawa ne kawai, saboda yana kawo tsatsa, gishirinsa kuma yana toshe lagireto.

Ka ɗaga gaban motar kaɗan ko ka tsayar da ita tana fuskantar tudu, ka murɗa hita zuwa zafi, ka kwance sukurun fitar da iska idan akwai, ka zuba a hankali ta mazurari har ruwa ya fito ta sukurun ba kumfa, sannan ka ɗaure shi ba da ƙarfi ba. Ka tayar da injin mazurarin yana baki, kana matsa tiyoyi kana ƙari duk lokacin da ruwan ya faɗa, musamman sa'ad da tamostat ya buɗe. Idan kumfa ta yanke, hita tana huro zafi, ka rufe murfi, ka bar fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Tsohon kulant guba ne mai zaƙi da ke lalata ƙoda, yana kashe yara da dabbobi, don haka ka tara shi a jarka mai murfi da rubutu, ka wanke wanda ya zuba a ƙasa.

Mataki na 9: Tabbatar da gyaran

Ka gwada motar a yanayin da ta saba yin zafi: minti 15 a tsaye da esi a kunne, sannan gudu a buɗaɗɗiyar hanya, sannan hawan tudu idan akwai. Allura ta tsaya a wurinta a dukkansu. Washegari da safe ka duba ruwan, kuma idan ya ɗan faɗa kada ka firgita, sauran iska ce ta fita, ka cika ka matsar da tef ɗinka zuwa sabon layin. Ka ci gaba da dubawa da sanyi kwana uku a jere, daga nan sau ɗaya a mako har wata guda. Idan bayan cikon farko ruwan ya sake sauka ƙasa da tef, akwai huda ta biyu da ta farko ta ɓoye, domin da matsi ya dawo daidai sai wuri mai rauni na gaba ya buɗe, kuma sai ka koma mataki na 5 ka sake ɗaura famfon gwaji.